Takalmin Sadiƙu

Duk wanda ya zauna a Gusau a shekarun da aka yanke mana sabuwar jiha, in dai yana hulɗa da malaman manyan makarantu, ya san Malam Lukuman. Sana'arsa ita ce koya wa masu ilimi yadda za su faɗi iliminsu. Malaman kwaleji da ma'aikatan gwamnati masu neman digiri na biyu a Sakkwato da Zariya, in rubutun kundin bincike ya cije musu, wurinsa suke zuwa bita kowace Asabar. Shi ke nuna musu inda ake ɗauko magana da inda ake dasa mata aya, da yadda mutum zai tsaya gaban farfesoshi ya kare aikinsa ba tare da gwiwa ta yi rawa ba. Ba zan hana shi abin da Allah ya ba shi ba, ya iya aikinsa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne inda ya samo kayan aikin.

Yana da wata baƙar rikoda mai cin kaset ɗaya, kuma da ita yake koyarwa. Sai ya kunna wa mutane maganar da aka tsara da kyau, sannan ya kunna musu wadda ba ta da kan gado, ya ce su gwada. Ta farkon ba ta wuya, ko a labaran rediyo zai ɗauka. Ta biyun ce ke wuya, don babu mai hankalin da zai yarda a ɗauki muryarsa a je ana dariya da ita. Sai Malam ya waiwayo cikin gidansa.

Matarsa Suwaiba 'yar Tsafe ce. A bazarar da sanƙarau ya yi ɓarna, ɗansu na fari, Abubakar Sadiƙ, ya rasu bai cika shekara uku ba, Malam kuwa yana Zariya wurin wani taro. Suwaiba mace ce mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tunda ta haife shi ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "yaron nan". A zaman makoki ma babu wanda ya ga hawayenta, har tsofaffi suna yaba mata. Bayan sadakar arba'in yayarta Luba ta zo daga Tsafe, wadda ita ta goye ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Malam ya san abin da bai fita gaban mutane ba yau zai fita. Ya shiga ɗakin kamar mai neman mataji, ya tura rikodar bayan jeren kwanonin da ke saman kabad, ya danna jan maɓalli, ya fita masallaci. Su kuma suka tura ƙofa.

Asabar ta gaba, maza masu manyan riguna da mata uku ko huɗu suna zaune a ajin da Malam ke aro a wata makaranta. Ya ajiye rikodar a kan tebur, ya gyara zaman tabarau.

"Wannan wata baƙauya ce daga wajen Wanke," in ji shi da Hausarsa irin ta masu karanta labarai, don ya daɗe da ajiye ta Zamfara. "Da yardarta muka ɗauka. Ku saurara, ku nemo mini batun."

Muryar Suwaiba ta fito. "Yaya, na ɗauko shi jikinai awa garwashi. Ba mota, dut sun yi layi gidan mai. Wuyanai ya sandare. Wani mai mashin yat taimake ni. Sadiƙu, Yaya, Sadiƙuna. Takalminai guda na gani ga ƙahwa, gudan ban san inda yah hwaɗi ba. Ja na, na roba, da salla anka saya mai. Likita yac ce mun makara. Na koma hanyar da ƙahwa ina neman gudan..."

Malam ya san wuraren da kuka ya fi ƙarfin magana, yana kawowa nan sai ya danna gaba ya tsallake. Abin da ya rage sai mace mai tsalle daga zazzaɓi zuwa gidan mai, daga likita zuwa takalmi, ta dawo takalmi, ta sake dawowa takalmi.

Ya kashe. "To, masu bincike, ina gabatarwa? Ina gundarin magana? Ina kammalawa? An tambaye ta ciwo, ta tafi neman takalmi. Ko kun san haka da yawanku kuke yi a babi na biyu?"

Aka kwashe da dariya, irin ta mutanen da aka taɓo inda yake musu ƙaiƙayi. Kafin a tashi, wani Malam Gambo ya miƙe zai yi bayanin bincikensa kan takin zamani, ya ɓuge da labarin gonar kakansa. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam Gambo ya tahi neman takalmin Sadiƙu!" Ajin ya sake rushewa. Malam Lukuman ma ya yi murmushi, ya ji daɗin darasi ya shiga.

Magana zarar bunu ce. Daga ajin ta shiga ofisoshin malamai, daga nan ta bi su gida.

Akwai maƙwabciyar Suwaiba a Tudun Wada, Dije, wadda aka yi wa mijinta canjin aiki daga Sakkwato bayan rasuwar yaron, don haka ko sunansa ba ta sani ba. Wata ranar da hantsi ta shigo aron rariya, ta zauna tana ba da labarin tsadar kananzir, ta zarce labarin bikin ƙanwarta, sai ta tafa hannu tana dariya.

"Ji ni, Suwaiba, na tahi neman takalmin Sadiƙu!"

Suwaiba tana tsince zogale. Hannunta ya tsaya a cikin faranti. "Mi kic ce?"

"Ke ba ki ji ta ba? Sabuwar magana ta. In mutum ya bar hanya ya shiga daji ga zance, haka aka ce mai. Maigida na ji shina hwaɗi. Wai wata mata ta, ɗanta ya mutu, ita ko takalmi ad damuwarta."

"Wa yab ba shi labarin?"

"Wa ya sani? Dut gari aka hwaɗinta."

Suwaiba ta miƙa mata rariyar ba tare da ta dube ta ba. Da Dije ta fita, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Sau ɗaya tak a duniya ta kira sunan nan da bakinta, kuma mutum ɗaya ne ya ji.

Bayan la'asar ta kawo wa Malam abinci. Yana zaune a tabarma da tarin takardun ɗalibansa, yana bin su da jan biro.

"Malam, na ji wata magana bakin Dije yau." Ta ajiye kwanon. "Maganar takalmin yaron nan. Wai da ita aka ba'a cikin gari."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Biron ya tsaya, amma Malam ya saba tsayawa gaban masu tambayar ƙure, ya san hanyar fita ita ce ka mayar wa mai tambaya da tambayarsa.

"Subhanallahi. Wa kika taɓa faɗa wa?"

"Yaya Luba ɗai."

"Ita kaɗai?"

"Ita ɗai. Ƙohwa ma rufe take."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. "To, ni ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Amma mu a bincike, in ka ga ruwa ya malalo, tulun ake dubawa. Kuma kin san mijinta Abdullahi direban motar haya ne, kullum yana tsakanin Tsafe da Gusau. Malamai nawa yake ɗauka? Mata da miji kuwa ba a shiga tsakaninsu." Ya mayar da tabarau. "Amma ki yi mata kyakkyawan zato."

Ya ja kwanon tuwo gabansa ya wanke hannu. Wallahi ko cikin maƙiya ban cika ganin irin wannan ba: ya haƙa ramin, ya nuna mata hanyar, sannan ya ce ta yi a hankali.

Kwana biyu tana juya abin, ba ci ba barci. A na ukun ta nemi izini ta hau motar Tsafe. Har suka wuce dutsen Kwatarkwashi tana addu'ar Allah ya sa akwai wani bayani. Ta aika aka kira Luba gidan mahaifinsu, Alhaji Umaru, tsohon magatakardan kotu wanda har yau zaman zaure yake yi kamar ana jiran ya karanto ƙara.

Luba ta shigo da fara'arta, da ƙullin hoce, wainar dawar nan, a hannu. Mace ce mai surutu da barkwanci, in tana gida har maƙwabta sun sani. Halin nan nata shi ya kashe ta ranar.

"Yaya, abin da na hwaɗa miki cikin ɗaki, ya anka yi yaz zama abin dariya Gusau?"

Luba ta dubi ƙanwarta, ta dubi mahaifinsu. "Wane abu?"

Da Suwaiba ta faɗa, ƙullin hocen ya suɓuce daga hannun Luba. "Ni? Suwaiba, ni da na goye ki? Ko Abdullahi bai ji ta bakina ba. Baba, a ɗauko Alƙur'ani in dafa."

"Ba a dafa Alƙur'ani gidana kan zancen mata," in ji Alhaji Umaru. "Ku biyu kunka zamna ɗaki, magana ta hita. Aljani yak kai ta? Ke Luba tun kina ƙarama bakinki bai da linzami. Kin tona ma ƙanwarki asiri, kin sa duniya ta ji ta kira sunan ɗan fari tana kuka. Ki ba ta haƙuri."

"Ba ni ba da haƙuri kan abin da ban yi ba, Baba."

"To tashi ki ba ni wuri."

Matan gida suna laɓe a bayan zaure, sun ji komai. Kafin magariba labarin ya kai gidan surukan Luba. Suwaiba ta koma Gusau ba ta yi mata sallama ba, hocen ma a nan ta bar shi.

Daga ranar sai Suwaiba ta rufe bakinta. Wadda yayarta ta sayar, wa kuma za ta yarda da shi? In Dije ta yi sallama, sai ta ce tana wanka. In mai tallar nono ta tambaye ta lafiyar gida, sai ta tsaya tana nazarin abin da take nufi. In mata biyu suka yi dariya a layin famfo, ta tabbata da ita suke, ta ɗauki bokitinta babu ruwa ta dawo. Ta daina zuwa islamiyya tun ranar da ta ji wata ta yi wa wata ba'ar nan a bakin ƙofa. Ta rame har zoben hannunta ya koma yatsar tsakiya. Abin da ya fi cin ta, mutum ɗaya take so ta kai wa kukan abin da aka yi mata, kuma ita ce, Luba, take zaton ta yi mata.

Malam yana ganin duk wannan. Wani lokaci yakan sayo mata tsire, ya ce ta riƙa sakin ranta. A zuciyarsa kuwa yana da amsoshi a jere kamar na ranar kare kundi. Ai bai ambaci sunanta ba. Ai 'yan'uwa sukan saɓa su shirya. Ai ba shi ya ce a mayar da abin ba'a ba. Bitar kuma sai ƙara cika take yi, har daga Ƙaura da Talata Mafara ana zuwa, kowa yana son jin kaset ɗin baƙauyar Wanke.

Ana cikin damina Abdullahi direba ya faka motarsa ya same shi a ofis, hula a hannu.

"Malam, Luba ba ta da lahiya. Ta ce a roƙi ƙanwarta ta zo, ko ba ta yi mata magana ba, ta dai gan ta."

"Allah ya sawwaƙe. In sha Allahu zan faɗa mata."

Bai faɗa ba. Ya san in suka zauna su biyu suka tankaɗe maganar, shi zai rage a rariya. Abdullahi ya sake dawowa bayan 'yan kwanaki, Malam ya ce ya isar da saƙo, amma ya san halin mata in suka yi fushi.

Da kaka ta yi, ƙanwar Malam ta haihu a Bungudu, garinsu, dole Suwaiba ta je suna. Ta sami gefe a ɗakin mai jego ta zauna, gaisuwa kawai ke fita bakinta. Can wata yarinyar mata ta shigo da ɗanta a kafaɗa tana cewa tun jiya jikinsa da zafi, tsofaffi suna ce mata haƙora ne, ta jiƙa masa saiwa. Suwaiba ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Taɓa wuyanai ki ji. In ya yi tauri kar ki jira kowa, ko mashin na ki hau. Ki tahi yanzu, don Allah ki tahi yanzu."

Kowa ya juyo, don ba a saba jin ta ba. Wata mace mai farin gilashi da ke kusa da ƙofa ta zuba mata ido har sai da Suwaiba ta tsargu. Malama Mansura ce, malamar kwalejin mata da ke rubuta kundin digirinta na biyu, tana zuwa bitar Malam, gidan iyayenta yana jikin na masu sunan. Da aka fara rabon abinci ta matso ta kama hannun Suwaiba.

"Baiwar Allah, zo mu gaisa waje." Sai da suka kai bayan rumbu ta ce, "Ke mutuniyar Wanke ta?"

"Ni 'yar Tsahe ta. Matar Malam Lukuman."

Mansura ta saki hannunta, ta dafe ƙirji. "Inna lillahi. Matatai?"

"Mi ya hwaru?" Suwaiba ta ja baya. "Ke ma Yaya Luba ta ba ki labarin?"

"Ban san wata Luba ba. Muryarki na sani. Ko cikin kasuwa na ji ta sai na gane ta." Ta sake kama hannun Suwaiba. "Zo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace na."

Ta kai ta ɗakin mahaifiyarta, ta fito da kaset daga jaka. Ta ce Malam ya ba da an kwafa wa duk mai so, don a riƙa saurare a gida ana gwaji. Ta ce ita kam ranar da aka kunna shi a aji ba ta yi dariya ba, da ta koma gida ta saurare shi daga farko har ƙarshe, ta kwana ba ta ci abinci ba. Ta saka shi a rediyon tsohuwar ta mayar da shi farko.

Abin da ya fara fitowa shi ne ƙarar kwanoni suna gogar juna, kusa ƙwarai. Sai gyaran murya, wanda Suwaiba ke ji kowace asuba. Sai muryar Malam tana nisa da rikodar, sai mai zama da shi zai gane ta: "Ina kika ajiye mini mataji?" Sai takun fita, sai ƙarar ƙofa. Sannan muryar Luba, a hankali, ba irin wadda aka san ta da ita ba.

"Hwaɗi, ƙanwata. Hwaɗi dut. Ba mai ji sai ni da Allah."

Suwaiba ta miƙa hannu ta kashe rediyon da kanta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ba ni shi." Mansura ta ba ta, ta ƙulle shi a bakin zane.

Da yamma ita da Malam suka dawo Gusau a mota. Washegari da safe yana shirin fita, ta ajiye kaset ɗin kusa da kofin shayinsa. Ya dube shi, ya ga rubutun hannunsa da aka kwafa a jiki: Misali na biyu.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Malam, kai na?"

Ya ajiye kofin. "Zauna, Suwaiba. Abu ne da ke buƙatar a fahimce shi a tsanake. Da farko dai, ban faɗi sunanki ba, na ce wata ce daga Wanke. Na biyu, ba don wasa na yi ba, don ilimi na yi. Kin san mutum nawa suka gyara rubutunsu saboda kaset ɗin nan? Wasu har sun kare kundinsu. In kin duba da kyau, wannan sadaka ce mai gudana ga yaron."

"Sadaka."

"Ɗana ne ni ma, ina da hakki a labarinsa."

"Ka taɓa tambayata yadda yar rasu? Ka dawo daga Zariya kac ce Allah ya jiƙan rai, kas shiga amsar gaisuwa. Da ka tambaye ni, da na hwaɗa maka ba sai ka ɓoye ƙarhe bayan kwanonina ba." Ta nuna kaset ɗin. "Ka saurare shi har ƙarshe?"

"Sashen da nake buƙata yana farko-farko ne."

"To Yaya Luba fa? Kana kallo na tahi na ci mutuncinta gaban Baba."

"A nan kam ki yi mini adalci. Ni ban ce ita ce ba. Ke kika ce. Har cewa na yi ki yi mata kyakkyawan zato." Ya duba agogo, ya miƙe. "Yanzu kin ga kin haɗa magana uku wuri ɗaya. Ki bari in dawo mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya."

Ya ɗauki jakarsa da rikodarsa ya fita, don ranar Asabar ce, ana jiran sa.

Ba ta jira ya dawo ba. Ta yafa mayafi ta nufi tasha. A Tsafe ta sami mahaifinta a zaure, ta durƙusa ta faɗa masa komai, ta ajiye kaset ɗin a gaban buzunsa. Alhaji Umaru ya daɗe yana jan carbi. Ko taɓa kaset ɗin bai yi ba.

"Bai kyauta ba," ya ce daga ƙarshe. "Amma mijinki na, Suwaiba. Mutum na mai suna, manya na zuwa ɗaukar karatu wurinai. In wagga magana ta hita, shi za a zaga, ke za a nuna da baki, mu za a yi ma dariya. Ki ruhwa mai asiri, Allah shi ruhwa miki."

"To asirin Yaya fa, Baba? Gidan mijinta har yau kallon mai tsegumi suka yi mata."

"Luba ta saba da magana, ba ta kashe ta. An riga an yanke, an wuce wurin. Ni in kira ta in ce na yi kuskure? Ki same ta ke da ita, ki ce komi ya wuce. Ba sai kin ce wane na ba."

Wato dai a bar laifin a kan wadda ya fi sauƙin ɗauka. Haka ake yi a gidaje da yawa, kuma sunan da ake ba shi zaman lafiya.

Suwaiba ta ɗauki kaset ɗinta ta tashi. Tunda take ba ta taɓa saɓa wa mahaifinta ba, sai ranar. Gidan surukan Luba babban gida ne, ta tarar da mata a tsakar gida suna sussukar gero, uwar mijin tana zaune a gindin turmi. Suka amsa sallamarta a sanyaye. Ba ta zauna ba.

"Inna, ku dakata ku ji. Abin da na ce Yaya Luba ta yi mini, ba ita ta yi ba. Mijina na. Shi yaɗ ɗauki muryata ɓoye cikin kaset, yak kai ma ɗalibainai. Ni na yi mata ƙazahi gaban Baba. Dut wadda ta ji waccan, ta ji wagga, ta kai ta inda tak kai waccan."

Taɓarya ta tsaya a hannun kowa. Uwar mijin ta dube ta, ta nuna wani ɗaki da haɓa. "Tana ciki. Sai yau kika zo?"

Luba tana zaune a kan gado, jingine da bango. Suwaiba ta tsaya a bakin ƙofa, don ba ta gane ta ba da farko. Duk ƙibar nan ta zube, idanun sun faɗa.

"Na ji ki," in ji Luba. "Shigo."

Suwaiba ta zube a gaban gadon ta kama ƙafafunta. "Yaya, ki yahe mini."

"Na yahe tun ranar. Abin da yac ci ni, kin yarda ina iyawa." Ta ɗora hannu a kan Suwaiba. "Ranar da na zo Gusau ina da ƙaramin ciki. Shekara nawa ina nema, kin sani. Na zo da niyyar in hwaɗa miki, na ishe ki cikin naki, na ce sai wata rana. Da damina yaz zube, ya kusa wata bakwai. Namiji na. Sau biyu ina aika Abdullahi wurin mijinki."

"Ban ji ba, Yaya. Wallahi ko sau guda ban ji ba."

"Yanzu na sani." Luba ta share fuska da bakin zane. "Kowa ya ce in yi haƙuri, na yi. Amma ba wanda na ba labarin. Wa za ni ba? Dut gidanga an ce bakina bai da linzami, sai na ɗaure shi."

Suwaiba ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta hau gadon ta zauna jikin yayarta, kafaɗa da kafaɗa.

"Ba ni, Yaya."

Luba ta jingina da ita. Hawaye suka zubo mata. "Ban san ta inda za ni hwara ba. Dut ya cakuɗe mini."

"Hwara ta ko'ina," in ji Suwaiba. "Ki koma baya, ki maimaita, ki yi yadda kika so. Ina nan har ki ƙare."